Yadda Ake Zaɓen Faffaɗar Taya da Wili Mara Nauyi ga Motar Tsere: Misalin Toyota 86 da Subaru BRZ

A shekarar 2012 ne kamfanonin Toyota da Subaru na Japan suka fito da motar da suka haɗa hannu suka ƙera, wadda Toyota ta sayar da sunan 86 ko GT86, Subaru kuma da sunan BRZ. Injinta mai lita 2.0 ne, ƙarfinsa kusan doki 200, ƙafafun baya ne ke tura ta, nauyinta kuma bai wuce kilo 1,300 ba. Abin da ya ja hankalin masu sharhin motoci a lokacin shi ne tayar da aka ɗaura mata, wato Michelin Primacy HP mai lamba 215/45R17, irin wadda ake samu a kan wasu motocin Prius da ba a yi su don gudu ba. Da gangan injiniyoyin suka yi haka, domin sun so motar ta riƙa sakin baya a kwana tun direba bai kai gudun da zai jefa shi cikin haɗari ba. Wannan ne ya sa mafi yawan waɗanda suka mallake ta suke fara gyara da taya da wili, kuma shi ya sa ta dace da misali a nan. Lissafin da za a bi a kanta shi ake bi a kan Mazda MX-5 ko Nissan 370Z, lambobin ne kawai suke sauyawa.

Mataki na farko ba a shagon taya yake ba, a wurin mai motar yake: ya tsayar da abin da yake so motar ta yi masa. Wanda zai riƙa hawanta kullum a titi, cikin rana da damina, bukatarsa dabam ce da ta wanda zai kai ta filin tsere ƙarshen mako ya yi ta zagaye har taya ta ɗau zafi. Mutane da yawa suna ɗauka cewa faɗin taya shi ne riƙo, alhali kuwa girman wurin da taya ke taɓa kwalta ya fi dogara da nauyin da ke kanta da kuma iskar da ke cikinta. Idan aka faɗaɗa taya aka bar iska da nauyi yadda suke, siffar wurin taɓawar ce ta fi sauyawa, ya gajarce daga gaba zuwa baya, ya faɗaɗa daga gefe zuwa gefe. Amfanin hakan yana bayyana ne a kwana, da kuma yadda roba mai faɗi ke jure zafi ba ta narke da wuri ba. Sai dai faffaɗar taya ta fi nauyi, ta fi shan mai, ta fi bin kwarin da manyan motoci suka haƙa a kwalta tana fizgar sitiyari, kuma ta fi saurin hawa kan ruwa idan ya kwanta a titi. A mota mai doki 200 kacal, taya da ta yi faɗi fiye da kima tana iya mayar da ita mai nauyin tashi. A ganina, irin robar da aka yi tayar da ita ya fi faɗinta tasiri nesa ba kusa ba, kuma wanda ya bar lamba 215 ya sauya zuwa roba mai kyau zai ji bambanci fiye da wanda ya sayi 245 mai arha.

Mataki na biyu shi ne rubuta duk lambobin da motar ta zo da su daga kamfani, domin da su za a auna komai. Ana samun wasu a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, wasu a littafin motar, wasu kuma an buga su a bayan wilin kansa. A 86 da BRZ na farko, wilin inci 17 ne, faɗinsa inci 7, ramukan noti biyar ne a kan da'ira mai faɗin milimita 100, abin da ake rubutawa 5x100, ramin tsakiya milimita 56.1 ne, ofset ɗinsa kuma, wanda za a yi bayaninsa a mataki na biyar, +48 ne. Taya tana ɗauke da 87W bayan lambar girmanta, iskar da kamfani ya tsayar kuma 35 ce a geji. Lambar 215/45R17 tana nufin faɗin taya milimita 215 ne, tsayin gefenta kashi 45 cikin ɗari ne na wannan faɗin, wato kusan milimita 97, kuma wili mai inci 17 take shiga. Lamba 87 tana nufin kowace taya na ɗaukar kilo 545, harafin W kuma yana nufin an gwada ta har gudun kilomita 270 a awa. Duk tayar da za a saya, kada lambar ɗaukar kayanta ta gaza wadda kamfani ya sa. A nan ba a cika samun matsala ba, domin manyan tayoyi kan zo da 91 ko sama, kuma 91 kilo 615 ne.

Da'irar noti ba abin ciniki ba ce. Wili mai 5x114.3, wanda ya cika kasuwa saboda motocin Honda da Toyota da yawa shi suke amfani da shi, ba zai shiga 5x100 ba, kuma duk wanda ya ce zai faɗaɗa ramukan da injin huda ya sa ya shiga, a guje shi.

Mataki na uku shi ne tsare tsayin taya baki ɗaya, daga ƙasa zuwa sama, kusa da na asali. Lissafin mai sauƙi ne: a ninka inci na wili da 25.4 don a mayar da shi milimita, sannan a ƙara tsayin gefen taya sau biyu. Wili mai inci 17 milimita 431.8 ne, don haka tayar asali ta kama kusan milimita 625. Idan aka ɗauki 225/45R17, tsayin zai zama kusan 634, ƙarin kashi 1.4 cikin ɗari ke nan, ma'ana idan mitar gudu ta nuna 100 ainihin gudun ya ɗan haura 101. Ita kuwa 245/40R17 tana ba da kusan 628, bambancin bai kai rabin kashi ɗaya ba, kuma wannan ne dalilin da ya sa masu tsere da wannan mota suka fi son lambar. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada bambancin ya wuce kashi 3 cikin ɗari, amma a mota mara ƙarfin inji sosai ya fi kyau a tsaya ƙasa da kashi 2, saboda doguwar taya tana tsawaita giya, mota ta riƙa jinkirin ɗaukar wuta. Na'urar ABS, mai hana ƙafafu ƙamewa idan an taka birki, da ta hana zamewa su ma da juyawar ƙafafu suke lissafi, don haka a wannan motar a sa lamba ɗaya gaba da baya. Hakan yana kuma ba da damar a riƙa musanya tayoyin gaba da na baya su cinye daidai. Faffaɗar taya a baya da siririya a gaba ta dace da motoci masu ƙarfi irin Porsche 911 da aka tsara su haka, amma a 86 sai dai ta sa gaba ya riƙa ƙin shiga kwana.

A nan ne kuma ake yanke shawarar ko za a tsaya a inci 17 ko a hau 18. Sabon samfurin GR86 da ya biyo baya yana zuwa da 215/40R18 a wasu nau'o'insa, kuma babu musu cewa babban wili ya fi cika ido. Amma gefen wannan tayar milimita 86 ne, na 225/45R17 kuwa 101, kuma wannan tazarar ta milimita 15 ita ce ke tsakanin bakin wili da bakin rami. Ga mai tuƙi a titunan da ba a raba su da ramuka da tudun rage gudu, kamar yawancin namu a Najeriya da Nijar, inci 17 ya fi sauƙin nauyi, ya fi arha, ya kuma fi wuyar lanƙwashewa.

Mataki na huɗu shi ne daidaita faɗin wili da faɗin taya. Kowane kamfanin taya yana buga iyakar faɗin wilin da kowace lamba za ta hau. Lamba 215/45R17 tana hawa daga inci 7 zuwa 8, 225/45R17 daga 7 zuwa 8.5, 245/40R17 kuma daga 8 zuwa 9.5. Wannan yana nufin 245 ba ta da wurin zama a kan wilin asali mai inci 7, ko da mai faci ya iya tura ta ta shiga. Taya mai faɗi a kan siririn wili tana kumburo gefe, zanenta ya lanƙwasa, sitiyari ya yi laushi, mutum ya biya kuɗin robar da ba ta taɓa ƙasa. Akasin haka, wato miƙe siririyar taya a kan wili mai faɗi don ado, yana barin bakin wili a fili, kuma taya na iya zare baki a tsakiyar kwana. Ga tuƙin gudu, an fi son wili ya kasance a sashen sama na iyakar da aka bayar, domin gefen taya ya miƙe tsaye ya yi tauri: 225 a kan inci 8, 245 a kan inci 9.

Mataki na biyar shi ne ofset, kuma a nan ne aka fi yin asarar kuɗi, don haka ya cancanci a tsaya a kansa. Ofset shi ne tazarar da ke tsakanin layin tsakiyar wili da fuskar da ke manne da hob ɗin mota, wato ƙarfen da ake ɗaure wili a jikinsa, ana auna shi da milimita, ana kuma buga shi a bayan wili, sau da yawa da haruffan ET a gabansa. Idan lambar ta yi girma wili yana shigewa ciki wajen shokozoba, idan ta ragu yana fitowa waje wajen leɓen bodi. Don a san inda sabon wili zai zauna, sai a raba faɗinsa biyu, a ƙara ofset don a sami nisan shigarsa ciki, a debe ofset don a sami nisan fitarsa waje. Wilin asali mai inci 7 rabinsa milimita 88.9 ne, da ofset +48 ya shiga ciki kusan 137, ya fito waje kusan 41. Wili mai inci 8 da ofset +45 rabinsa 101.6 ne, don haka ya shiga ciki kusan 147, ya fito waje kusan 57, wato ya ci ƙarin milimita 10 ta ciki da 16 ta waje, kuma motar tana da wannan filin ba tare da an taɓa komai ba. Da an koma inci 9 labarin sai ya sauya. Da ofset +45 zai ci ƙarin milimita 22 ta ciki da 28 ta waje, abin da ke kai gefen taya dab da mazaunin sifirin na gaba. Da ofset +35 kuwa ƙarin ciki ya sauko zuwa 12, amma na waje ya haura zuwa 38, taya ta zo daidai leɓen bodi, ta yadda za ta iya gogarsa idan mota ta faɗa rami ko ta ɗauki mutane a baya. Masu amfani da wannan girman sukan sa notin kamba a gaba don saman taya ya ɗan karkata ciki, wasu kuma har su naɗe leɓen bodin.

Akwai wani abin da lissafin fili ba ya nunawa. Rage ofset daga +48 zuwa +35 yana tura tsakiyar kowace taya waje da milimita 13, kuma wannan yana sauya yadda sitiyari ke amsawa, ya ƙara masa nauyi da fizga idan an taka birki a titi mara daidaito, ya kuma ƙara wa berin ɗin ƙafa aiki. Ba abin tsoro ba ne a wannan adadin, amma dalili ne na kada a nisanci lambar kamfani ba tare da bukata ba.

Mataki na shida shi ne zaɓen wilin kansa, kuma a nan nauyi ne abin dubawa. Wili da taya da birki suna ƙarƙashin sifirin ne, su ne ke hawa da sauka da kowane tudu a titi, kuma gwargwadon sauƙinsu gwargwadon yadda shokozoba ke iya danne taya ta ci gaba da manne wa kwalta. Ban da haka juyawa suke yi, saboda haka inji yana kashe ƙarfi wajen juya su, birki ma yana kashe ƙarfi wajen tsayar da su. Hanyoyi uku ake bi wajen ƙera wilin alminiyam. Ta farko zubi ce, a narka ƙarfe a zuba a mazubi, kamar yadda masu zubin tukunya ke yi, ita ce mafi arha kuma mafi nauyi, domin sai an yi kauri kafin a sami ƙarfi. Ta biyu ita ce a yi zubin fuska, sannan a ɗora gangar wilin a kan na'ura mai juyawa a matse ta da zafi har ta miƙe ta yi siriri da tauri. Enkei RPF1 na cikin wannan rukunin, kuma mai girman 17x9 kilo bakwai ne da 'yan kai, alhali wilin asali, duk da ya fi shi sirantaka da inci biyu, yana kusan kilo tara. Ta uku ita ce ƙira, a danne dunƙulen alminiyam da matsi mai tsananin ƙarfi har ya ɗauki siffa, wadda ita ce mafi ƙarfi kuma mafi tsada. Shahararren misalinta shi ne TE37 na kamfanin Rays, wanda ya fito a 1996, kuma lambar 37 ɗin ta samo asali ne daga nauyin kilo 3.7 na mai inci 15. Ga mafi yawan mutane rukuni na biyu ya wadatar, ragowar kuɗin a zuba shi a taya.

A riƙa haɗa nauyin wili da na taya wuri ɗaya wajen lissafi. Taya 245 takan fi 215 nauyi da kilo ɗaya ko fiye, kuma nauyin nata a can gefen da'ira yake, inda ya fi wahalar juyawa, don haka tana iya cinye rabin ribar da aka samu daga wilin. Sannan a kula da jabu, domin sanannun wili irin TE37 an fi kwaikwayon su. A juya bayan wili a nemi tambarin JWL da VIA na Japan, masu nuna an gwada ingancin wili, da girma da ofset da aka buga, kuma a ɗora shi a sikeli, tunda tambari ma ana kwaikwayonsa amma nauyi ba ya ɓoyuwa. Idan na hannu ne, a sa shi a injin balansin ba tare da taya ba a ga ko yana rawa, a kuma duba gindin hannayen wilin, wato sandunan da suka haɗa tsakiyarsa da bakinsa, da kuma bakin wilin ta ciki ko akwai tsagewa ko alamar walda. Wilin da aka yi wa walda bai dace da motar gudu ba.

Sauran ƙananan abubuwa biyu ne. Yawancin wilin kasuwa ramin tsakiyarsu ya fi na mota girma, na RPF1 milimita 73 ne a yawancin girmansa, don haka ana bukatar zoben da zai cike tazarar zuwa 56.1 don wili ya zauna a tsakiya, in ba haka ba sitiyari na iya rawa a babban gudu. Haka kuma wanda motarsa ke da babban birkin Brembo, irin wanda aka fara sa wa wasu BRZ daga samfurin 2017, dole ya tabbatar hannayen wilin ba za su taɓa kalifa ba, wato ƙarfen da ke matse faifan birki, domin wili biyu masu girma ɗaya da ofset ɗaya suna iya bambanta a nan saboda siffar hannayensu.

Mataki na bakwai shi ne zaɓen irin robar. A gefen taya akwai lambar jure cinyewa da ake bugawa bisa tsarin Amurka, wadda ba a kwatanta ta daidai tsakanin kamfanoni amma tana nuna rukuni. Masu lamba 300 zuwa sama kaɗan, irin Michelin Pilot Sport 4 da 4S da Continental ExtremeContact Sport, su ne suka dace da titi, suna riƙo a busasshiyar kwalta da jiƙaƙƙiya, suna kuma daɗewa gwargwado. Masu lamba 200, irin Bridgestone Potenza RE-71RS da Yokohama Advan A052 da Hankook Ventus R-S4, na filin tsere ne da aka yarda su hau titi: riƙonsu a busasshen wuri ya fi, amma suna da ƙara, suna saurin cinyewa, kuma ramukan zanensu kaɗan ne, ba sa kore ruwa mai yawa. Wanda zai bi titi a watan Agusta da irin wannan taya mai faɗin 245 ya san cewa ruwan da ya kwanta zai iya ɗaga gaban motarsa. Tayar sanyi da ake yi don Turai ba ta da amfani a ƙasa mai zafi, laushi kawai za ta yi.

Kafin a biya kuɗi a karanta ranar ƙira. Bayan haruffan DOT da ke gefen taya akwai lambobi huɗu na ƙarshe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, don haka 2323 na nufin mako na 23 na shekarar 2023. Roba tana bushewa ko ba a hau ta ba, musamman idan an jibge ta a rana. Tsofaffin tayoyin da ake kira 'yan Beljiyam, waɗanda dokar Najeriya ma ta hana shigo da su, ba su da gurbi a wannan aikin ko da zanensu ya cika, domin ba a san zafin da suka sha ko ramin da suka faɗa ba.

Mataki na ƙarshe shi ne ɗaurawa da gwaji, kuma hikima ita ce a fara da ƙafa ɗaya kafin a ɗaura wa sauran taya, tunda mai sayarwa ba ya karɓar wilin da aka riga aka sa wa taya. A ɗaga gaba da jak, a sa wilin, a juya shi da hannu ana sauraro, a murɗa sitiyari har ƙarshe dama da hagu, sannan a zura hannu ta baya a ji tazarar da ke tsakanin gefen taya da shokozoba. Idan ba ta kai milimita biyar ba ta yi kaɗan, domin taya tana lanƙwasawa a kwana. A duba rubutun gefen taya, mai OUTSIDE wannan fuskar ce ke kallon waje, mai kibiya kuma kibiyar ta bi juyawar gaba. Zaren notin 86 da BRZ M12x1.25 ne irin na Subaru, ba 1.5 na yawancin motocin Toyota ba, kuma tilasta notin da ba nasa ba yana cinye zaren bolti. A tabbatar mazaunin noti ya dace da na wilin, wanda a yawancin wilin kasuwa mai siffar mazurari ne, kuma notin ya yi aƙalla juyi tara zuwa goma kafin ya kama. A ɗaure su a tsallake, ɗaya sannan wanda ke fuskantarsa ta ɗaya ɓangaren, da sifana mai awo a kan 120 Nm, ma'aunin ƙarfin ɗauri, ba da bindigar iska ko taka sifana da ƙafa ba. Idan motar na da na'urar auna iska a cikin bawul, a mayar da ita sabon wilin.

Daga nan sai balansin da alaimen, domin faffaɗar taya ba ta yafe karkacewar ƙafa, cikin ɗan lokaci za ta cinye gefe ɗaya. A fara da iskar kamfani, 35, a auna da safe kafin a motsa motar, tunda zafin rana da na tafiya suna ɗaga geji. Don a gane ko iskar ta dace, a ja layin alli daga gefen zane zuwa kafaɗar taya, a yi 'yan kwanoni, a dawo a duba: idan allin ya goge har ya gangaro gefen taya, iska ta yi kaɗan ko kuma ana bukatar ƙarin kamba. Sabuwar taya tana da santsi a farko, saboda haka a bi ta a hankali na 'yan ɗaruruwan kilomita. Bayan kilomita 80 zuwa 100 a sake bin notin duka da sifana mai awo, sannan a murɗa sitiyari a haska tocila cikin ramin ƙafa, a nemi wurin da robar rufi ta yi sheƙi ko fenti ya goge, a kuma shafa gefen taya na ciki da na waje a ji ko akwai layin yanka. Idan an sami gogar a waje, ƙarin kamba kaɗan ko naɗe leɓen bodi yakan magance ta, idan kuwa a ciki ne wajen sifirin, sai faifan tazara na milimita uku zuwa biyar, da sharaɗin notin zai ci gaba da samun cikakken juyinsa.